Yadda za ki shirya ɗan ƙaramin gidanki da kayan da da na gwanjo

Duk wadda take yawan leƙa Instagram ko Pinterest ta san irin hotunan nan na ƙananan gidajen ƙauyukan Ingila, bango fari, tsohon kabad na katako da fentinsa ya ɗan goge, farantai jere a kan kanta, kwando a lungu, labule mai ƙananan furanni. Ni ma sun daɗe suna burge ni, har ranar da muka je kwashe kayan kakarmu bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadonta na ƙarfe na jawo wata adaka, ina buɗewa sai ga langa shida a kife ɗaya cikin ɗaya an raba su da tsumma, farare masu jan baki da zanen fure, ga tasa biyu sun yi baƙi, ga wani akushi da marfinsa. A wurin na gane abin da Turawan nan suke yi ba komai ba ne illa riƙe kayan kakanninsu, mu kuwa namu mun tura sito mun je mun ciyo bashin kayan roba masu walƙiya. Daga waɗannan langa shida na fara shirya falona, kuma abin da zan faɗa miki a nan shi ne yadda na bi, da abin da na koya a hanya.

Matakin farko ba kasuwa ba ne, tef ne da biro. Ki auna ɗakin tsawo da faɗi, ki auna bangon da kike son jingina kabad, sannan abin da kowa yake mantawa, ki auna faɗin ƙofar shigowa da ta ɗakin da kuma kwanar soro in gidan yana da shi. Kayan da manya ne kuma ba a kwance su kamar na yanzu, tsohon sif in ya ƙi shiga ƙofa to ya ƙi kenan, sai dai kafinta ya tsaga shi, kuma in aka tsaga ba ya komawa yadda yake. Ki rubuta awon a wayarki, ki ɗauki hoton kowane lungu da rana, don in kina tsaye a kasuwa ido yana ruɗuwa. Sannan ki tsayar da kala uku kacal. Ni nawa fari ne irin na madara a bango, sai shuɗin baba, sai ruwan ƙasa na katako da fata da kaba. Duk abin da na gani komai kyansa in bai shiga cikin ukun nan ba, ko bai zauna lafiya kusa da su ba, na bar shi. Ɗan ja da ke bakin langa shi kaɗai na ƙyale ya zama kwalliya.

Daga nan sai gida. Kafin ki kashe ko sisi ki zagaya wurin Hajiya, gwaggo, inna, kakar maigida in tana raye, ki zauna a yi hira ki tambaya ina kayan jerensu suke. Jere ai ba yau aka fara ba, iyayen kakanninmu da ƙore suka yi shi, aka zo zamanin tasa, aka zo na kwanon sha da langa da samira da fanteka, sannan tangaran da gilas, har aka iso kuloli, kuma kusan kowane tsohon gida akwai ragowar ɗaya daga cikin waɗannan a sito ko a saman sif. Amma dan Allah ki roƙa da ladabi, kuma in kayan mamaciya ne ki tabbata an raba gado ko magada sun yafe miki, kar kwano ya haɗa ki da dangi. Ki tambayi labarin kowane abu, waye ya saya, a auren wa aka jera shi, domin wannan labarin shi ne rabin darajarsa. Abubuwan da za ki sa wa ido: adaka ko akwatin ƙarfe, kujera 'yar tsugunno, akushi, ƙwarya mai zane, faifai, tasa, tiren ƙarfe, shantali, fitilar ƙwai, tsohon agogon bango, rediyo ko da ba ya magana, keken ɗinki Singer ko Butterfly mai ƙafar ƙarfe, gwado, luru, zanen saƙi.

In kina Kano kuma kina son idonki ya waye kafin ki fara saye, ki ba da awa ɗaya ki shiga Gidan Makama ki ga kayan amfanin gida na da yadda suke, ki kuma leƙa Gidan Ɗan Hausa ki ga yadda ginin ƙasa mai kauri da zane a bango yake ɗaukar kaya kaɗan ya cika ido. Gani ya kori ji.

Sai dillalai. Wallahi dillaliyar unguwa ta fi kowace kasuwa a wannan harkar, don ita ce take shiga ɗakunan da ke ba za ki shiga ba, ita ta san wadda za ta aurar da 'ya tana son rabuwa da tsohon gado, ita ta san gidan da za su tashi. Ki nuna mata hoto ƙarara, kar ki ce mata "kayan da" kawai, za ta kwaso miki duk tarkacen da ya ƙi sayuwa. Ki ce Iya langa nake so fara mai fure wadda ba ta huje ba, ko kujerar katako mai hannu ko da katifarta ta mutu. Ki ba ta la'adarta da daɗin rai, gobe ke za ta fara kira.

Kasuwa kuwa kowacce da abin da ta fi. Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, nan ne wurin fata, tumtum, faifai, tabarma, ƙwarya, kayan tagulla da saƙi. Ƙofar Wambai gwanjon yadi, a nan ake tsintar labule, zanin gado, mayafin tebur mai saƙar hannu da rigunan filo waɗanda suka sha wanki suka yi laushi. Ƙofar Ruwa wajen ƙarafa ne da tsofaffin ƙofofi da tagogi. Ƙofar Mata in kina son a rina miki farin yadi ya koma shuɗin baba. 'Yan Kaduna kuna da Kasuwar Barci da Panteka, Jos akwai Katako, Yamai ma akwai tasu Katakon. Ki je da safe, ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe tef ɗinki, ƙaramar tocila da ɗan maganaɗisu, yanzu zan faɗi amfaninsu. Kuma zuwan farko ki je kallo ne kawai, ki tambayi kuɗi a rumfa uku ko huɗu ki dawo gida.

Wajen dubawa nan ne zan daɗe, saboda nan ake asara. Katako ki ɗaga shi tukunna, na kirki yana da nauyi, ki juya bayansa da ƙarƙashinsa ki ga ko katako ne zalla ko garin katako da aka manne aka lulluɓe da leda, wannan na biyun da ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura shikenan, kar ki saya ko a kyauta. Ki girgiza kujera ki ji, in tana rawa daga mahaɗa ne wannan ƙaramin aiki ne, gam da matsewa, amma in ƙafar ce ta ruɓe daga ƙasa ki wuce. Ki haska tocila ki nemi ƙananan huji kamar na allura, ki ƙwanƙwasa wurin, in gari mai laushi ya zubo to ƙwaron da ke cin katako yana ciki da ransa. Gara kuma tana cinye ciki ta bar bayan lafiya lau, don haka ki danna da farce ko mukulli, in ya lotsa kamar biskit ki ajiye. Ki jawo kowace durowa har ƙarshe ki shinshina, warin rima mai ƙarfi da wuya ya fita.

Sannan kuɗin cizo. Wannan shi ne abin da ya taɓa sa ni kuka. Na sayi wata kujera mai hannun katako a wurin wani mai tsofaffin kaya, ya rantse min daga gidan mutum ɗaya ta fito kuma tsaf take, na shigar da ita falo a ranar, bayan sati biyu yarana suka fara tashi da ƙuraje a hannu da wuya. Da na farke yadin ƙasan kujerar na ga abin da na gani, sai da muka fitar da komai na falon muka yi kusan wata muna fama. Tun daga ranar dokata ɗaya ce, ba na sayen katifa, filo ko soso na hannu, in kujera ce katakon nake saye, a kasuwar ma nake sa a yage yadin da soson a zubar, in kai wa mai kushin ya sa sabo. Alamar kuɗin cizo ita ce ɗigo-ɗigo baƙi kamar na biro a mahaɗar katako da bakin ɗinki, da ɓawonsu mai ruwan ƙasa. Gadon ƙarfe ma ba ya tsira, suna shiga cikin bututun da wajen noti.

Kwanon langa ki ɗaga shi sama saitin rana ki duba gindin, in haske ya ratso ya huje. Ki duba tambarin da ke ƙasa, za ki ga wasu daga Caina ko Hong Kong suka zo, wasu nan gida aka yi su. Ɗan ɓantarewa a baki ba laifi ba ne, shi ne ma shaidar shekaru, sai dai wanda ya ɓantare ta ciki ya yi tsatsa na ado ne kawai, kar a ci abinci a ciki. Tagulla kuma a nan maganaɗisu yake aiki, in ya manne to ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, ta gaske ba ya kama ta. Ki sani kuma da yawan abin da ake cewa tsoho ne sabo ne aka shafa wa baƙi ko aka turara da hayaƙi. Sabon aikin hannu ba aibu ba ne, ni ma ina saye don masu sana'ar su ci abinci, amma ki biya kuɗin sabo, kar a sayar miki da labari. Tsohon gaske yana gogewa ne a inda hannu yake taɓawa, mariƙi, baki, gindi, ba ko'ina daidai wa daida ba.

Abu biyu ki kiyaye. In yaro ya tare ki da kaya mai kyau a kuɗin da bai kai rabin rabinsa ba yana waige-waige, ki bar shi, kayan sata ba ya ƙawata gida. Sannan kayan tarihi na ainihi irin gumakan Nok ko abin da aka tono daga ƙasa, dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana cinikinsu barkatai da fitar da su waje ba izini, ba namu ba ne na ajiyewa a falo.

Ciniki kin san shi ai. Kar fuskarki ta nuna kin mutu a kan abu, ki fara tambayar na kusa da shi, ki nuna aibin da kika gani da gaskiya, ki taya ƙasa da abin da kika shirya biya, in ya ce albarka ki ƙara kaɗan, in bai sallama ba ki yi godiya ki taka, sau da yawa za a kira ki. Kafin ki ce na saya ki haɗa lissafi a ranki, kuɗin kaya, kuɗin ɗauka, kuɗin kafinta ko mai walda, kuɗin fenti da yadi. In jimillar ta kusa kuɗin sabo mai kyau to sai in son abin kike yi don kansa. Ana cewa araha ba ta ado, ni dai na ga ta yi, amma sai an bi ta da aiki.

Kin kawo kaya gida, to kar ya shiga ɗaki. Tsakar gida ko baranda zai kwana uku zuwa sati. Yadi duk ki wanke da ruwan zafi sosai, wanda ya kai digiri 60 yana kashe kuɗin cizo da ƙwansu, ki shanya a rana ki bi da guga. Banda mai rinin baba, shi kaɗai za ki wanke da ruwan sanyi ki shanya a inuwa, don yana zuba kuma rana tana kashe masa kala. Katako ki goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, kar ki kwara masa ruwa, ki ɗora shi a kan baƙar leda ya kwana, da safe ki duba ko gari ya zubo. In ya zubo ki naɗe shi ruf da baƙar leda ki ajiye a rana tsaka, a watan Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 40 cikin ledar yana zama kamar tanda, ki maimaita kwana biyu ko uku ki sake gwadawa. Ƙwarya da akushi kam kar ki yi musu haka, tsagewa za su yi. Kuma don girman Allah kar ki fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a cikin ɗakin da ake kwana, an rasa rayuka ta wannan hanyar, in abin ya fi ƙarfinki ki kira masu feshi da suka san aikinsu ku bar gidan har ya sha iska.

Tasa da tiren tagulla ki jiƙa tsamiya ta yi kauri ki shafa, ko ki raba lemon tsami ki dangwala a gishiri ki goga, ki bar shi 'yan mintuna ki ɗauraye ki tsane nan take da busasshen tsumma, za ki ga ja ya fito kamar ba ita ba. Ni ba na cire baƙin da ke cikin zanen, shi yake fito da aikin maƙerin. Langa kuwa gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, don haka soson ƙarfe yana kashe mata ƙyalli, ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi sun isa, wurin da ya yi tsatsa ki goge ki ɗiga ɗan mai. Adaka da gadon ƙarfe a kankare tsatsar da burushin waya, a bi da sanfefa, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin a sa kalar da kike so. A nan ki kula, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, don haka a yi kankarar a waje, a jiƙa wurin da ruwa don kar ƙura ta tashi, a sa takunkumi, yara da mai ciki su yi nisa, a share a zubar.

Katako mai kyau ni ban yarda a shafe shi da fenti ba. Ki sa a goge da sanfefa mai laushi a bi layin katakon, sannan ki narka kakin zuma kashi ɗaya da man zaitun kashi uku a wuta kaɗan, ya huce, ki shafa da tsumma ki bar shi ya kwana ki murje. Wanda ya sha tabo ko aka yi masa faci shi ne na fenti, fari ko shuɗi mai haske, mara ƙyalli. Fata kuma, tumtum ko buzu, in ta yi fumfuna ki goge da ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ta bushe a inuwa, ki shafa man kaɗanya ɗan kaɗan. Duk abin da yake da waya, fitila ko fanka ko agogo, mai gyaran wuta ya canza wayar gaba ɗaya, kuma ki duba rubutun jikinsa, kayan Amurka na wuta 110 ko 120 ne, tamu 230, kina jonawa zai ƙone.

Yanzu jerawa. Ki fara da babban abu ɗaya a kowane ɗaki, shi ne uban ɗakin, sauran su bi shi. A falona kabad ne mai ƙofar gilas, a ciki langa shidan nan suke, ban cika shi ba, uku a tsaye an jingina su ta yadda furen zai kalli mai shigowa, uku a kife da marfinsu, sai tasa ɗaya a gefe. Adakar ta zama teburin tsakiya, na ɗora mata tire da kaskon turaren wuta, cikinta kuma barguna ne. Ƙafar keken ɗinki na sa kafinta ya ɗora mata katako ta zama ɗan teburin da ke bakin taga. A ƙasa tabarmar kaba ce babba, sai ƙaramar darduma a kanta, tumtum biyu a jikin bango. Lurun kakata na ninka shi a hannun kujera, in sanyi ya zo a ja a rufa. Kabad mai tsayi ki sa a ɗaure shi da bango ta baya, yara suna hawa.

Faifai a bango yana da kyau matuƙa in an iya. Ki tara biyar ko bakwai masu girma daban-daban, ki fara jera su a ƙasa kina matsawa har su yi miki, babba a kusa da tsakiya, ƙanana suna fita gefe, tazarar yatsu uku tsakaninsu. Ki yanka jarida daidai girman kowanne ki manna a bango da salatif ki ja baya ki kalla, sai kin gamsu sannan a buga ƙusa, in bangon siminti ne ƙusar kankare, in gidan haya ne ki fara sanar da mai gida. Tsakiyar jeren ya zama kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, saitin ido, mu mun saba kai hoto can kusa da silin sai mutum ya ɗaga wuya. Kuma bango ɗaya kawai, sauran ki bar su fari su huta. Ƙaramin gida in aka cika shi da tsofaffin kaya ko'ina rumfar dillali yake komawa, shi ya sa duk lokacin da na kawo sabon abu sai na ɗauke wani na ajiye ko na bayar.

Kicin ba ya son abu da yawa, katako biyu a bango a jera akushi, ƙwarya, ludayi da kwalaben yaji, randa a lungu a kan ɗan murhun ƙarfe da faifai a bakinta, kuma a riƙa zuba mata ruwa ana sha, ba ajiye ta za a yi tana tara ƙura ba. Haske ma ki kula da shi, farin ƙwan nan mai kashe ido yana sa tsohon kaya ya zama kamar datti, ki nemi mai ruwan ɗorawa. Fitilar ƙwai ki wanke gilashinta ki ajiye a kan kabad, in za ki kunna ta da kananzir to nesa da labule kuma ba a ɗakin da yake rufe ba.

Abin da ya rage kulawa ce, kuma yanayinmu biyu ne. Da hunturu ƙura ce da bushewa, faifai a sauke su duk sati biyu a karkaɗe da busasshen burushi, katako da fata a ƙara musu kaki ko man kaɗe sau ɗaya a farkon sanyi don kar su tsage, ƙwarya a ɗauke ta daga saitin taga. Da damina kuma danshi ne, ki janye kabad da adaka daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ki sa musu ɗan katako ko bulo a ƙarƙashi kar su zauna a kan siminti kai tsaye, ki jefa gawayi biyu uku a cikin adaka ya tsotse rima, ranar da rana ta fito ki buɗe durowoyi ki fitar da tabarma ta sha iska. Ki riƙa leƙa bayan kayan katako kina neman layin jar ƙasar nan da gara take ginawa a jikin bango, da kin gani ki karya shi ki bi shi har inda ya fito.